Wace Kyamara Ce Ta Dace Da Mai Doguwar Tafiya A Kan Keke?

Idan damina ta ɗauke, hanya ta bushe, matasanmu na zango sukan fara lissafin doguwar tafiya a kan keke. Wasu Kintampo suke nufa don su ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse, wasu Larabanga da gandun dajin Mole, mu kuwa a wannan karo hankalinmu yana kan Salaga, garin da kakannin da yawa daga cikinmu suka fara sauke kaya. Hanyar sananniya ce: daga Kumasi a hau tudun Mampong, a gangara Ejura, a wuce Atebubu, a isa Yeji bayan an share fiye da kilomita 200, sannan a shiga jirgin fito a ƙetare tafkin Volta zuwa Makango, daga nan sai Salaga. Maganar taya da faci da famfo duk mun gama ta ba tare da gardama ba. Abin da ya raba kan majalisa shi ne wace kyamara za a saya da ɗan kuɗin da aka tara, kuma da yake mun ga ba mu kaɗai ke wannan tambaya ba, shi ya sa muka kawo ta wannan shafi.

Mai karatu zai iya cewa, hoto ne kawai, mene ne abin dogon bayani? To, ga dalili. Bayan yaƙin Salaga na 1892 fataken goro da malamansu sun watse, wasu suka yi Kete-Krachi, wasu Yeji da Kintampo, wasu suka gangaro kudu. A Kete-Krachi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya ci tsohon garin. Yau wanda yake so ya nuna wa ɗansa kamannin tsohuwar Krachi, sai ya sha wuya kafin ya sami hoto ko guda a gidansu. Tsoffin rijiyoyin Salaga, da filin da aka yi cinikin goro da na bayi, da dattawan da har yanzu suke iya lissafa sunayen unguwanni da masu gidaje, su ma ba za su jira mu ba. James Barnor da ya buɗe shagon hoto a Jamestown a farkon shekarun 1950, 'yan gari da 'yan kasuwa da amare ya riƙa ɗauka, yau kuma ga hotunan nasa ana baje su a manyan gidajen tarihi na Turai. Mu ba Barnor muke so mu zama ba, amma dai muna so mu dawo da abin da za a iya wankewa a rataya.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce, me ya hana a ɗauka da waya? Alal haƙiƙa wayar zamani mai tsada tana ɗaukar hoton da ya fi na ƙananan kyamarori da yawa kyau, musamman da dare. Amma mai keke ya tuna cewa a wayar nan taswirarsa take, a cikinta kuɗinsa na momo suke, kuma da ita zai kira gida idan sarƙa ta tsinke a tsakanin Ejura da Atebubu. Duk hoton da ya ɗauka, cajin da zai nema da magariba yake ci. Bugu da ƙari, hannun da ya yi gumi ba ya taɓa gilashin waya ya amsa yadda ake so, kuma da tsakar rana ba a ganin abin da ke kan gilashin ma. Akwai kuma maganar girgiza. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin babur mai ƙarfi tana iya lalata abin da ke daidaita idon kyamarar wayar. Keke ba shi da inji, gaskiya ne, amma wanda ya taɓa bin hanyar burji mai tsakuwa da waya ɗaure a hannun keke ya san irin rawar da take yi. Don haka ra'ayinmu shi ne, waya ta zauna a aljihu tana aikinta, a nemo wata aba dabam a ba ta aikin hoto.

To sai dai kasuwar ƙananan kyamarori ba yadda yayyenmu suka san ta take ba. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a shekara guda, mafi yawansu irin ƙananan nan na aljihu. A 2023 abin da suka fitar gaba ɗaya bai kai miliyan 8 ba. Casio ya bar sana'ar a 2018, Olympus ya sayar da sashen kyamararsa a 2021, shi ya sa sababbin yanzu suke ɗauke da sunan OM System. Wani abin ban mamaki kuma, tun wajen 2022 yaran Turai da Amurka suka farga da tsoffin kyamarorin iyayensu, suna yayin hotunansu a TikTok, sai farashin na hannu ya tashi a ko'ina. 'Yan kasuwarmu na Adum da na Tip Toe Lane a Ankara su ma suna duba intanet kafin su faɗi kuɗi. Kyamarar da a da za a ba ka kyauta a cikin kayan gwanjo, yanzu sai an yi ciniki.

Abu na farko da mai saye zai cire daga ransa shi ne yawan megafiksel. Hoton da aka saba wankewa, mai inci 4 da inci 6, megafiksel 2 da ɗan ɗoriya sun ishe shi. Wanda zai cika takarda A4 bai wuce 9 ba. Ke nan kyamara mai 12 ko 16 ta wadatar har da ragi. Waɗannan marasa sunan da ake tallarsu da 48 ko 64 a kan kwali, masu sheƙi kamar kayan wasan yara, lambar ce kawai aka kumbura. Ɗan farantin da haske ke sauka a kansa ƙarami ne ƙwarai, na'ura ce ke miƙe hoton don ya kai adadin da aka rubuta. Gara tsohuwar Canon ko Nikon mai shekara goma da sabuwar irinsu a cikin leda. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya fi megafiksel muhimmanci ga mai keke shi ne batir, kuma a nan ne muka fi daɗewa muna muhawara. Kyamarori iri biyu ne. Akwai masu batir nasu na musamman, ɗan lebur, akwai kuma masu cin batir biyu na AA irin na rimot da ƙaramar tocila. Mai batir na musamman ta fi sirantaka, amma idan ya ƙare a ƙauyen da ba wuta, ko aka ɗauke wutar a masaukin da aka kwana, an gama ɗaukar hoto ke nan sai gobe. Idan kuma tsohuwa ce, batir ɗin nata ma ya tsufa tare da ita, samun sabo na gaske kuwa aiki ne. Mai AA kuwa ko a teburin mai kayan masarufi a Atebubu za a sami abin da za a zuba mata. Sai dai a kula: batir mai araha na rediyo ba ya iya ɗaukar nauyin kyamara, hoto kaɗan za ta yi ta mutu, har mutum ya zaci ita ce ta lalace. Alkalin ake nema, ko kuma mafi kyau masu caji irin Eneloop, waɗanda suke riƙe wutarsu wata da watanni ko ba a taɓa su ba. Guda huɗu da caja ɗaya sun isa: biyu a ciki, biyu a jaka.

A cikin masu AA, wadda har yanzu ake samu sabuwa ita ce Kodak PixPro FZ45, mai megafiksel 16, tana jawo nesa ninki 4. A 2024 wajen dala 100 ake sayar da ita a Amurka, don haka wanda yake da ɗan'uwa mai zuwa gida daga Bronx yana iya roƙon alfarma. Ba wata gwana ba ce, da yamma ta yi hotonta ya fara dishi-dishi, amma da rana tana yin abin da aka sa ta, kuma ko yaro zai iya sarrafa ta. A cikin na hannu, Nikon Coolpix A10 ta 2016 da Canon PowerShot A1400 ta 2013 duk AA suke ci. Ita A1400 tana da wani abu da muka fi so: ɗan tagar leƙawa da ake kanga ido a kai, wanda a ranar arewa, lokacin da gilashin baya ya zama madubi, shi ne kaɗai zai nuna maka abin da kake ɗauka.

Idan kuma mai batir na musamman ce aka zaɓa, sharaɗi ɗaya muke gindayawa, wato ta zama tana yin caji ta igiyar USB daga fawa-bank ba tare da an cire batir an sa a caja ta bango ba. Da yawa daga cikin tsoffin ba sa yi. A gwada a gaban mai shago.

Sai babbar abokiyar gaba, ƙura. Yawancin ƙananan kyamarori idan aka kunna su idonsu yakan fito waje, idan aka kashe ya koma ciki. Wannan fita da shiga kamar zuga-zugi take, tana shaƙar iska tare da duk abin da ke cikinta. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda kuma shi ne lokacin da aka fi jin daɗin tuƙa keke saboda sanyin safiya, ƙurar da ke saukowa daga hamada ta fi garin fulawa laushi. Idan ta shiga ta zauna a kan farantin ciki sai ka ga tabo baƙi a kowane hoto a wuri ɗaya, idan kuma tsakuwa ce ta maƙale a haƙoran idon, sai ya tsaya cak a tsakiya, ba shiga ba fita. Gyaran wannan sau da yawa ya fi kuɗin kyamarar, idan ma an sami mai gyaran. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi mai ido mai fita ya san dole ya riƙa ɓoye ta a ledar da ke rufewa ruf, ya fito da ita idan motar doya ta wuce ƙurarta ta lafa.

Wannan ne ya sa muka karkata ga masu sulke, waɗanda aka yi don ruwa da faɗuwa. Idonsu a rufe yake a bayan gilashi, ba abin da ke motsi a waje. Fitacciyar cikinsu ita ce OM System Tough TG-7 ta 2023: tana jure nitso har mita 15, da faɗuwa daga mita 2.1, ƙura ba ta shiga, nauyinta gram 249, kuma caji ɗaya yana ba da hoto 300 da ɗoriya. Tana da na'urar da ke rubuta inda aka ɗauki kowane hoto, abin da zai yi amfani ƙwarai ga mai son ya tuna wace rijiya ce wannan a cikin rijiyoyin Salaga masu yawa. Amma dala 550 aka sa mata da ta fito, wannan kuwa kuɗin keke ne mai kyau da guzurinsa. Yayyenta, TG-5 ta 2017 da TG-6 ta 2019, masu sunan Olympus, hoto kusan iri ɗaya suke bayarwa kuma suna caji ta USB, don haka wanda ya ci karo da ta hannu mai lafiya kada ya yi sanya. Ƙasa da su a kuɗi akwai Pentax WG-90 da Kodak WPZ2, sai Fujifilm XP140 da Nikon W300 da aka daina ƙerawa amma ana samun na hannu. Hotonsu bai kai na TG ba idan haske ya yi ƙasa, amma a cikin jirgin fito, lokacin da ruwa ke fantsama kowa na ɓoye wayarsa, mai ɗayansu shi ne zai ci gaba da aiki. Wani amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne maɓallansu manya ne, ana iya danna su da hannu ɗaya mai gumi ko mai safar hannu.

Masu zuwa Mole sukan dage a kan dogon zum saboda giwaye. Suna da hujja, domin jami'in gandun ba zai bar ka ka matsa kusa ba, kuma ninki 4 ko 5 na masu sulke ba zai cika hoto da giwa ba. Panasonic Lumix TZ99 da ta fito a 2025 tana jawo nesa ninki 30, tsoffin TZ ma suna nan a kasuwa. Amma su ne suka fi kowa shaƙar ƙura, ga shi kuma hazon hunturu yana mayar da duk abin da ke nesa fari fat, komai ƙarfin zum. Kashi tara cikin goma na hotunan tafiyar keke kuwa, a ganinmu, na kusa ne: abokan tafiya a gindin bishiya, mai koko da ƙosai da asuba, ƙofar masallaci, fuskar dattijo. Waɗannan ido mai faɗi suke so, wanda aka rubuta masa 25 ko 28, ba mai hango nesa ba.

Ga wanda zai sayi ta hannu, kada ya biya sai ya tsaya ya duba da kyau, ko da mai shago zai ƙosa. A buɗe murfin batir a ga ko akwai fari ko koren tsatsa a kan ƙarfen. A haska idon da tocilar waya: idan an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, funfuna ce, ɗanshin kudu ne ke kawo ta, kuma ba ta gogewa. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama tare da jawo zum har ƙarshe, a duba ko akwai tabo. A kunna a kashe sau biyar ana sauraron idon, idan yana ƙara kamar ana niƙa, a ajiye. A gwada filashi. Idan mai sulke ce, a duba robar bakin murfin, domin idan ta tsage ko ta bushe sunan sulke kawai ya rage. Sannan a dubi irin katin da take ci. Tsoffin Olympus da Fujifilm suna cin katin xD, tsoffin Sony kuma Memory Stick, duka biyun yanzu samunsu sai an tona. SD ake so. Shi ma a sani cewa kyamarorin da suka girmi 2006 yawanci ba sa karanta katin da ya wuce gigabait 2. Katin jabu kuma ya cika kasuwa, za ka ga an rubuta 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya cika ya fara cinye hotunan farko ba tare da ya sanar ba. Guda biyu masu 32 daga shagon da aka sani sun fi. Kowanne zai ɗauki hoto fiye da 5,000, kuma idan ɗaya ya ɓace ba duka tafiyar ta ɓace ba.

Inda za a ajiye ta a kan keken ma abin lura ne. Kariyar baya ita ta fi ko'ina shan girgiza, kuma kyamarar da ke ƙasan kaya ba a ɗaukar hoto da ita, domin kafin a kwance igiya abin da za a ɗauka ya wuce. Ƙaramar jaka a hannun keke, da aka shimfiɗa wa soso ko tsohon tawul, ita ce wurinta, ko jakar ƙugu. A jefa ɗan ƙunshin nan mai tsotse ɗanshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada a goge idon da bakin riga, ƙurar hunturu tana kartar gilashi. A hure tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Kuma don Allah, 'yan'uwa, a tsaya a sauke ƙafa kafin a ɗauki hoto. Gangaren Mampong da manyan motocin da ke bin sa ba wurin tuƙi da hannu ɗaya ba ne.

Akwai dabara ɗaya da za ta gyara rabin hotunanmu, ko da wace kyamara aka ɗauka. Idan baƙin mutum ya sa farar riga ya tsaya a rana, na'urar takan auna hasken rigar, sai fuska ta fito duhu ba a gane kowa. Maganinsa shi ne a kai mutum inuwa, ko a tilasta filashi ya yi aiki duk da rana ce, muddin bai wuce taku uku ko huɗu ba, ko kuma a nemi maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi a ƙara haske kaɗan. Kyamarar da sai an shiga cikin jerin rubutu kafin a sami waɗannan biyun, ba mai sauƙi ba ce, komai abin da kwalinta ya ce. Da hantsi da bayan la'asar kuma hoto ya fi daɗi.

Idan an isa gari, kafin a zaro kyamara a fara zuwa gaida sarkin zango da liman, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo mutum. Iyayenmu mata a kasuwa da yawa ba sa son a ɗauke su ba da izini ba, kuma suna da gaskiya. Shingen jami'an tsaro da barikinsu ba a ɗaukar su. Wanda kuma ya yarda aka ɗauke shi, a rubuta sunansa da unguwarsa a ɗan littafi tare da lambar hoton, a kuma tabbatar an saita kwanan wata a kyamarar tun daga gida.

Mu dai ga inda lissafinmu ya tsaya. Kuɗin da aka tara za a sayi mai sulke guda ɗaya ta hannu, TG-5 ko TG-6 idan an dace, in ba a samu ba WG, ta zama ta ƙungiya, mutum ɗaya ke riƙe da ita kowace rana. Wanda yake son tasa ta kansa kuma aljihunsa bai yi nauyi ba, ya nemi mai AA da batura huɗu masu caji da leda mai rufewa. Daga cikin kuɗin kuma mun ware wani kaso tun yanzu wanda ba za a taɓa ba, na wanke hotuna ne, kowanne kwafi biyu: ɗaya a rubuta suna da gari da shekara a bayansa a ajiye a nan, ɗayan a ba direban motar Yeji ya kai wa masu shi.